Wanzamin da Ya San Ƙeyar Kowa

Daga Allah muke, kuma gare Shi Baffa ya koma ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Moduganari, matarsa Iya tana riƙe da hannunsa. Yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina rarrafe, bayan rasuwar mahaifina, kuma 'ya'yansa duk mata ne, saboda haka ni na zauna a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa.

Masu ta'aziyyar ba bakinsu ɗaya ba. Dattawan unguwa in sun zauna, kafin a shafa fatiha sai ka ga hannu ya tafi kai. Wannan ya ce Baffa ne ya yi masa askin angonci, wancan ya ce 'ya'yansa maza kaf a hannunsa aka yi musu kaciya, babu wanda ya kwana da zazzaɓi. Wani tsohon direba ya tuɓe hula ya nuna mana tabon ƙaho a ƙeyarsa, yana dariya yana share hawaye. A cikin gida dangin Iya suna ta ce mata ya huta, ita ma ta huta. Ta ce musu ita ba ta gaya wa kowa ta gaji ba. Samarin da iyayensu suka shigo unguwar a shekarun gudun hijira kuwa, tsoho kawai suka sani mai zama a zaure da riga a baibai. Na ji ɗayansu yana tambayar abokinsa, ashe dama wanzami ne?

Akwai kuma waɗanda suka zo suka yi addu'a a tsaitsaye, ko ruwa ba su sha ba. Ɗaya daga cikinsu, yana saka takalmi, ya ce Allah ya yafe masa abin da ya yi. Bai ɗaga murya ba, amma na ji, kuma duk wanda ke wurin ya san abin da yake nufi. Wannan maganar ce ta sa ni rubutun nan. Ba na so abin da zai rage na Baffa a bakin mutane ya zama abin da ya faru a safiya guda.

Daga Kano ya zo yana saurayi, a jirgin ƙasa, yana riƙe wa maigidansa zabira, jakar fatar nan ta wanzamai. Maigidan ya koma gida, shi ya zauna. Ya koyi yaren Kanuri don ya nemi auren Iya, kuma har suka tsufa tana masa dariyar yadda yake karya shi. Wurin aikinsa gindin dogonyaron ƙofar gidanmu ne, da tabarma da ƙwaryar ruwa da guntun sabulu. Yakan wasa aska a tafin hannunsa kafin ya ɗora ta a kan mutum. In yaro yana mutsu-mutsu sai ya ce masa, "Zauna daidai, kai ɗaya ne da kai." Manya ma haka yake gaya musu, har Bulama, mai unguwarmu.

Yakan ce shi ba ta fuska yake gane mutum ba, ta ƙeya ne, don ita ya fi gani. Muna yara mukan gwada shi a masallacin Juma'a, mu nuna masa wani can a sahun gaba, ya faɗi sunansa da na ubansa, wani lokacin har da mangwaron da ya faɗo daga kai ya samu tabo. In mace ta haihu mijinta ba shi da halin suna, Baffa ba ya jira a kira shi. Da sassafe zai rataya zabira, ya cika aljihu da goro da dabino, ya je ya yi wa jariri aski, ya raba wa mutane goron kamar uban ne ya ba shi. In an tambaye shi ladan aikinsa, sai ya ce uban jaririn ya riga ya sallame shi. Iya ta sha yin mita a kan wannan, tana cewa ita ce aka sallama, don kuɗin cefanenta ne.

Amininsa maƙwabcinmu ne, wanda muke kira Baba Tela, ɗan asalin garin. Katanga ɗaya ta raba mu. Kullum bayan magariba kowa zai fito da kwanonsa, su haɗa a tabarma ɗaya, burabisko a nan, tuwo a can, suna musun wane gari ya fi iya miya. Autan Baba Tela kuwa kamar ɗan gidanmu yake. Baffa ya yi masa askin suna, shi ya yi masa kaciya. Da ya girma ya samu keke mai ƙafa uku yana haya, shi ke kai Baffa gidajen suna, kuma bai taɓa yarda ya karɓi ko sisi ba.

Abin ya fara ne daidai lokacin da garin ya rikice, shi ya sa ba mu gane ba. Baffa ya dawo daga masallaci babu takalmi. Ya yi azahar, ya sake yin alwala ya ce bai yi ba. Ya kira ni da sunan mahaifina, ya tambaye ni ko na kai wa Inna saƙo, mahaifiyarsu ke nan, wadda ta rasu tun ba a haife ni ba. Muka ce tsufa ne, muka ce tashin hankali ne. A shekarun nan wa ke da cikakken hankalinsa? Ana jin ƙarar fashewa mutum yana cin abinci, ana rufe hanya ba sanarwa, dokar hana fita tana kama mutum a kasuwa. Ni kaina na sha zuwa makarantar da nake koyarwa na manta abin da zan koyar.

Sai rigimar kwata. Damina ce, ruwa ya toshe ya dawo cikin zaurenmu. Baffa ya fito ya tarar da autan Baba Tela yana wanke kekensa, ya hau shi da faɗa, wai shi ya toshe kwatar da gangan. Ya zage shi har ya haɗa da uwarsa, a gaban jama'a. Tun da na taso ban taɓa jin zagi a bakin Baffa ba. Yaron ya durƙusa yana ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Baba Tela ya fito da almakashi a hannu, ya tsaya ya ji, ya koma ciki. Da magariba bai fito da kwano ba. Baffa ya zauna shi kaɗai a tabarma yana tambayarmu ko Tela ba shi da lafiya ne. Muka ɗauka borin kunya yake yi, muka ce a bar su, za su shirya da kansu.

Ba su kai ga shiryawa ba. A lokacin, in an yi harbi a kusa, washegari sai a wayi gari jami'an tsaro sun kewaye unguwa. A fito da maza duka, a zaunar da mu a ƙasa layi-layi, hannu a kai. Ba a karɓar maganar uba a kan ɗansa, don kowane uba zai ce nasa na kirki ne. Sai a ce Bulama ya kawo dattijon da ya san yaran unguwa, Bulama kuwa Baffa yake kira. An yi haka a baya, kuma Baffa ya fitar da mutane da yawa. Ta bayan layi yake bi, ya dafa kan mutum, ya ce wannan ɗan wane ne, ga sana'arsa, ga gidansu. Iyaye mata har abinci suke aiko masa na godiya.

Ranar da nake magana, rana ta riga ta yi zafi kafin a kawo shi. Ina cikin layin. Na ji tafin hannunsa a kaina, ya ce wannan nawa ne, malamin makaranta. Ya wuce na kusa da ni, da na gaba da shi, duk ya faɗe su daidai. Ya zo kan autan Baba Tela. Ya dafa kansa, ya daɗe. Ya zagayo gabansa ya dube shi. Yaron ya ɗago ya ce, "Baba Wanzam, ni ne."

Baffa ya juya wurin mai bindigar da ke biye da shi, ya ce, "Wannan ban san shi ba."

Bulama ya yi sauri ya ce ɗan unguwa ne, ga ubansa can. Aka ce ya yi shiru, ba shi aka tambaya ba. Aka sake tambayar Baffa, ya sake duban yaron da idon baƙo, ya girgiza kai. Baba Tela ya yunƙura daga inda yake zaune yana kiran sunan ɗansa, aka mayar da shi ƙasa. Muna kallo aka ɗaure wa yaron hannu da rigarsa, aka jefa shi mota tare da wasu baƙin fuska da aka samu a unguwar.

Da muka dawo gida Baffa ya nemi shayi. Ya tambayi Iya me ya sa gidan ya yi tsit. Na gaya masa abin da ya faɗa, ya rantse shi yau ko ƙofar gida bai fita ba. Da yamma Bulama ya zo ya ɗauke shi, suka je inda ake zaton an kai yaran don ya janye maganarsa. Aka ce su dawo gobe. Gobe aka ce ba a kawo mai wannan sunan ba. Baba Tela ya sayar da keken yaron, ya bi duk ƙofar da aka ce masa akwai labari a bayanta. Har yau da nake rubutun nan babu wanda ya sake ganin yaron, babu kuma wanda ya kawo labarin mutuwarsa.

Unguwa ta yanke hukuncinta tun kafin mako ya zagayo. Kowa ya ga rigimar kwata, kowa ya ji zagin. Aka ce wanzami ya sayar da ɗan amininsa a kan ruwan kwata. Gindin dogonyaro ya zama ba kowa. A masallaci in ya miƙa hannu, wasu sai su yi kamar suna lazimi. Matan da ke shigowa wurin Iya aron turmi suka ɗauke ƙafa. Shi kuwa kullum da safe zai shimfiɗa tabarma, ya jera askarsa, ya zauna har azahar yana mamakin yadda mutanen yanzu suka daina aski.

Wata rana wani baƙo mai tallan gawayi, wanda bai san komai ba, ya zauna a yi masa. Baffa ya jiƙa kan, ya shafa sabulu, ya buɗe aska, sai ya tsaya yana kallonta. Sabulun ya bushe a kan mutumin. Iya tana leƙe daga zaure. A ranar ta kwashe asaken ta ɓoye a gidan babbar 'yarsu. Ya yi kwanaki yana cewa ta yi masa sata, har ya ce zai kai ta wurin alƙali. Daga baya ya manta da su, ya ci gaba da rataya zabirar babu komai a ciki.

An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, don wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce alhakin yaron ne ya kama shi. Mijin ƙaramar 'yarsa ne ya dage sai an kai shi asibiti. Likitar ta tambaye shi wace shekara muke, ya yi dariya ya ce wannan ai tambayar 'yan makaranta ce, amma bai amsa ba. Bayan gwaje-gwaje ta zaunar da mu ta ce ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, kuma ba tsufa kawai ba ne kamar yadda muke cewa gigin tsufa. Ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali, yana farawa shekaru kafin a lura. Yana taɓa tunani, yana canza hali, mai haƙuri ya koma mafaɗaci. Ta ce ba a warkewa, sai dai a lallaɓa. Kada mu yi musu da shi, kada mu bar shi ya fita shi kaɗai.

Na tambaye ta ko zai yiwu mutum ya gane mutane da yawa a jere, ya kasa gane wanda ya taso a gabansa. Ta ce a farkon ciwon haka yake, yana zuwa yana tafiya, kuma tsoro da zafin rana da hayaniya suna tsananta shi.

Daga asibitin ban shiga gida ba, wurin Baba Tela na nufa. Na ɗauka na zo da abin da zai gyara komai. Yana kan keken ɗinki, na durƙusa na ce wushe, gaisuwarsu ta Kanuri, na zayyana masa duk abin da likita ta faɗa. Bai daina taka keken ba sai da na gama. Sannan ya ce, "Na ji, ɗana. Likitar ta faɗi inda nawa yake?"

Na tashi na fita.

Abin da ya fi ciwo shi ne Baffa bai san an ɓata ba. In magariba ta yi, muka yi sakaci, sai ya ɗauki kwanonsa ya je ƙofar Baba Tela ya zauna, yana ƙwala masa kira ya fito abinci na hucewa. Wata rana ya same shi a waje, ya ce masa, "Tela, ina yaron nan ne? Kwana biyu bai zo aski ba, gashinsa ya yi yawa." Matar Baba Tela tana jin haka daga ciki ta fashe da kuka. Ba a daɗe ba suka toshe ƙofarsu ta layinmu da bulo, suka fasa wata ta bayan gida. Mu kuma muka sa wa zaure kwaɗo.

Duk da kwaɗon sai da ya fita sau ɗaya. Mun neme shi tun safe, a garin da in an ce mutum ya tsaya bai tsaya ba ana iya harbinsa. A unguwar Wulari aka same shi, gab da wani shingen bincike. An yi ta daka masa tsawa ya ɗaga hannu, shi kuwa yana ta tahowa da zabira a kafaɗa, kuma babu wanda ya san me ke cikinta. Wani mai shayi a gefen titi ne ya yi kasada ya ruga ya rungume shi, yana cewa tsoho ne, ba shi da lafiya. Da na isa na tarar da shi a kan benci yana shan shayi. Ya ce mini tashar jirgi yake nema, Inna tana jiransa a Kano.

Daga nan abubuwa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yaren Kanuri ya tafi, wanda da shi ya nemi Iya, da shi suke sirrinsu a gabanmu. In ta yi masa magana da shi sai ya dube ni ya ce me baƙuwar nan take cewa. Yakan ce mata, baiwar Allah, don Allah kira mini matata. Ita kuma ta ce tana zuwa, ta fita tsakar gida ta tsaya kaɗan, ta dawo ta yi sallama. Wani lokacin ya yi murna ya ce ina kika shiga. Wani lokacin ya sake aikenta. Sallah ta rikice masa, sai dai in an ja Fatiha a kusa da shi leɓensa na bi. Daga baya ita ke masa wanka, ita ke ba shi kunu a cokali tana shafa masa maƙogwaro don ya haɗiye. 'Ya'yansa suna karɓa-karɓa, amma a hannunta kaɗai yake yarda ya ci.

Hannunsa ne bai manta ba. In jika ya zauna kusa da shi, sai ya jawo kansa, ya karkata shi, ya riƙa bin ƙeyar da babban yatsa kamar mai aski. Yaran suka fara gudu, don yana riƙewa da ƙarfi. Sai Iya ta riƙa tuɓe ɗankwalinta ta zauna a gabansa ta ba shi nata kan. In ya yi haka yakan samu natsuwa har barci ya ɗauke shi.

Ban ga Baba Tela a jana'iza ba, ban kuma gan shi a kwanakin zaman makoki ba. Sai bayan sadakar bakwai, an naɗe tabarmi, ina zaune ni kaɗai a zaure bayan la'asar, na ji sallamarsa. Ya zagayo ta bakin titi da sanda, ya tsufa ƙwarai. Ya zauna, ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Na ɗauka zai tashi, sai ya ce akwai maganar da yake so in ji.

Ya ce shi ya fara ganin ciwon, tun kafin mu, tun kafin rigimar kwata. Wata safiya Baffa yana masa aski, ya aske rabin kai, sai ya naɗe aska, ya dube shi ya ce, malam, daga wace unguwa kake? Ya yi dariya don ya zaci tsokana ce. Da ya kalli idonsa ya gane ba wasa a ciki. Sai ya sa hula a kan rabin askin, ya tafi wani wuri can nesa aka ƙarasa masa. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa, don kada a ce wanzami ya rikice mutane su guje shi.

"Ranar da Bulama ya aika a kira shi, ina zaune a layin nan, na tuna," in ji shi. "Da na buɗe baki na ce tsohon ba shi da lafiya, da wani aka kira. Na ce a raina ai yau zai gane. Ban so in kunyata shi a gaban mutane."

Ya murza kan sandarsa. Ya ce da na je masa da maganar likita, ya riga ya san gaskiya na faɗa. Amma muddin unguwa na cewa wanzami ne ya yi da gangan, shi yana iya kallon fuskar matarsa. Ya ce shekarun nan duka yana jin muryar amininsa ta kan katanga, yana kiran Inna, yana kiran Tela, bai taɓa amsawa ba.

Na ce masa Allah ya riga ya rubuta, kuma Baffa bai tafi da kowa a ransa ba. Ya ce ya sani, wanda bai san an yi faɗa ba me zai riƙe. Ya dafa bango ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Gobe ka raka ni kabarinsa. Nawa ɗan ba shi da inda zan je in tsaya."

Washegari na raka shi. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa abin da ya sha ya zama kankarar zunubi, ya ba Iya ladan jinya. Yaron nan kuma, in yana raye Allah ya dawo da shi, in ya riga mu Allah ya haɗa su a inda za su gane juna.